Tsofaffin Sintisaiza: Me Ya Sa Ake Rububin Kayan Da Aka Taɓa Yasarwa?

Wanda ya saba leƙa kasuwar gwanjon kayan kiɗa zai ci karo da abin ɗaure kai: akwati mai gefen katako, ya ba shekara 50 baya, fentinsa ya koɗe, amma kuɗinsa ya ninka na sabon fiyano sau da yawa. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan waɗannan na'urori.

Wai mene ne sintisaiza na analog, kuma me ya raba shi da fiyanon da muke gani a situdiyo?

Fiyanon da aka saba buga waƙoƙin fim da shi, irin su Yamaha PSR, na dijital ne. An naɗi sautin ganga da sarewa da goge an ajiye masa a ciki, kana dannawa ya fito maka da abin da aka ajiye. Shi kuwa na analog babu abin da aka naɗa masa. Wutar lantarkin da ke zagaya cikinsa ita ce sautin, a nan take ake ƙera shi.

Ka kwatanta shi da muryar mutum. Akwai sashen da ake kira osileta, shi ne maƙogwaro, yana fitar da ƙara ɗanya mai kaushi. Sai filta, wato baki: idan ka ce "uuu" sannan ka buɗe zuwa "aaa", maƙogwaro bai sauya ba, baki ne ya tace muryar. Sai kuma sashen da ke tsara yadda sauti zai shigo da yadda zai mutu, ko ya faɗo tim kamar bugun ganga, ko ya taso a hankali kamar jan goge. Dabarar da ta haɗa su duka ita ce sarrafa komai da ƙarfin wuta. A tsarin Robert Moog, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera su, ƙarin bolt ɗaya yana ɗaga murya ninki guda cif.

Wa ya fara ƙera su?

Mutum biyu ake fara ambata, dukkansu a Amurka: Robert Moog a jihar New York, wanda ya nuna nasa a 1964, da Don Buchla a Kalifoniya, wanda shi bai ma yarda a sa wa nasa madannai irin na fiyano ba. Na farkon nan girmansu kamar kabad, kuma sai an yi ta soka wayoyi daga wannan rami zuwa wancan kafin a ji ko ƙis. Galibi jami'o'i da manyan situdiyo ne ke iya sayensu.

Abin ya sauka hannun mawaƙa ne a 1970 da fitowar Minimoog. Osileta uku, madannai 44, ba wayar da za ka soka, kuma mutum ɗaya zai iya saɓa shi ya hau dandali. Murya ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, kamar algaita. Ko ka danna madannai uku, ɗaya za ka ji. Ba ya kuma riƙe komai a ka. Idan ka sha wahala ka haɗa sauti mai daɗi, sai ka zana a takarda inda kowane maɓalli ya tsaya, in ba haka ba gobe sai dai labari. Wannan ciwon kai ne Prophet-5 na Dave Smith ya magance a 1978: muryoyi biyar tare, kuma yana ajiye sautin da ka haɗa. A tsakani akwai ARP 2600 na 1971, da Korg MS-20 na 1978, da Yamaha CS-80, dodon da nauyinsa ya kai wajen kilo 100.

To me ya sa aka yi watsi da su?

Yamaha DX7 ne ya yi musu kaca-kaca a 1983. Na dijital ne, saitinsa ba ya gocewa, yana fitar da sautin ƙararrawa da na fiyanon lantarki tas-tas, kuma kuɗinsa bai kai dala 2,000 ba. A shekarar ce kuma aka fito da MIDI, yaren da ya ba na'urorin kamfanoni daban-daban damar yin magana da juna. Nan da nan tsofaffin suka zama kayan nauyi. ARP dama ya riga ya durƙushe tun 1981, kamfanin Dave Smith ya rufe a 1987.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na wasu ƙananan akwatuna biyu na kamfanin Roland na Japan. TR-808, injin ganga, ya fito a 1980. Masana suka ce gangarsa ba ta yi kama da ganga ba, kuma gaskiya suka faɗa. An ƙera kimanin 12,000 aka tsaya. Mai kamfanin, Ikutaro Kakehashi, ya bayyana daga baya cewa wani sashe na sautin ya dogara ne da wasu taranzistoci da masana'anta ta ware a matsayin masu aibi. Da aka gyara yadda ake ƙera taranzisto, sai irinsu suka daina samuwa. Shi kuma TB-303 an yi shi ne don mai jita ya samu abin da zai riƙe masa bes idan yana atisaye shi kaɗai. Masu jita suka saurara suka taɓe baki. An ƙera kimanin 10,000, aka daina a 1984, suka cika shagunan gwanjo a kan kuɗi kaɗan.

Su wa suka tsince su? Samarin unguwannin baƙar fata na Chicago da Detroit da New York, waɗanda ba su da kuɗin sabon kaya. Wasu matasa a Chicago da ake kira Phuture suka kunna 303, maimakon su bar shi ya yi aikin bes, sai suka shiga murɗa filtarsa yana cikin tafiya, yana wani kuka yana zillo. Faifansu na 1987 ya haifar da salon kiɗa sukutum. Dum ɗin nan mai girgiza ƙirji na 808 kuwa ya zama ƙashin bayan hip-hop, har yau sunansa ake kiran irin wannan bes da shi, ko da a kwamfuta aka yi shi. Ɗan hakin da aka raina ke nan. Yau 303 na asali, wanda sabonsa dala 395 ne, sai an ajiye dubban daloli.

Da gaske sautinsu ya fi na zamani, ko dai cika baki ne?

Rabi da rabi. Bambancin akwai shi, kuma daga aibi ya samo asali. Osiletocin Minimoog uku ba sa tsayawa daidai wa daida; wannan ya ɗan hau, wancan ya ɗan sauka, suna gogayya, sai sautin ya yi kauri yana motsi kamar mai rai. Idan aka cika wa filtarsa wuta, sai ya yi wani gurnani mai daɗi maimakon ya fashe. Ko guda biyu da aka ƙera a wata ɗaya ba za su yi murya iri ɗaya ba bayan shekara 40.

Amma a gaskiya, idan aka zuba shi cikin waƙa, ga ganga ga murya ga jita, aka saurara ta lasifikar waya, mutum nawa ne zai bambance na asali da manhajar da ke kwaikwayonsa? Kaɗan ne ƙwarai, kuma wasu masu rantsuwar suna ganewa, da za a rufe musu ido da sun sha kunya. A ganina abin da ba a iya kwaikwaya yana hannu ne, ba kunne ba. Kowane aiki da maɓallinsa a gabanka, hagu na kan madannai dama na murɗa filta, ba shiga wannan shafi ka fita wancan. Kiɗan da mutum zai yi a haka daban ne.

Akwai 'yan Afirka da suka yi aiki da irin waɗannan kaya tun a lokacin?

Sosai. William Onyeabor na Inugu ya tara sintisaiza, har da na Moog, a situdiyonsa, ya yi ta fitar da fayafayai daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980. Duniya ba ta waiwaye shi sosai ba sai a 2013 da wani kamfanin Amurka, Luaka Bop, ya sake fitar da waƙoƙinsa. Ya rasu a 2017. Francis Bebey na Kamaru ma ya haɗa su da kayan kiɗan gargajiya. A Yamai kuwa akwai Mamman Sani, wanda ya naɗi kaset a 1978 da ogan na lantarki ƙirar Orla ta Italiya. Ogan ne ba sintisaiza ba, amma 'yan gida ɗaya ne, kuma mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. Shi ma a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin.

Idan zan saya, me zan duba?

Da farko ka sani ba kayan kiɗa kaɗai kake saye ba, har da jinya. Kuma ba a cinikin biri a sama: in ba za ka taɓa shi da hannunka ba, a turo maka bidiyo ana danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, ana murɗa kowane maɓalli. Ƙarar ƙaras-ƙaras wajen murɗawa yawanci datti ne, da sauƙi. Murya ta ɗauke gaba ɗaya, wannan wata magana ce.

Kowanne da cutarsa da aka san shi da ita. Roland Juno-106 na 1984 muryoyi shida gare shi. Ka danna madannai shida daban-daban ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da su, in ka ji ɗaya ya yi shiru ko ya shaƙe, to ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin muryarsa masu lamba 80017A ya mutu. Masu gyara kan jiƙa su a asiton, wani ruwan sinadari, su ɓare baƙin ƙaron da aka lulluɓe su da shi, ko su sa sabbi. Korg Polysix kuwa batirin da ke riƙe masa ajiya ne ke yoyo ya cinye layukan allon da ke ƙarƙashinsa, don haka a buɗe a duba kafin a yi maganar kuɗi. Ƙananan sassan da ke tara wuta, waɗanda ake kira kwandansa, su ma suna bushewa da tsufa, musamman na sashen wuta. Ka tambaya ko an taɓa sauya wani abu a ciki: mai kiɗa zai yi murna da gyaran, mai tarawa don ajiya kuwa zai rage kuɗi.

Sai maganar wuta, wadda ta fi shafar mu. Wanda aka yi don kasuwar Japan bolt 100 yake sha, na Amurka 120, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Ka duba bayansa kafin ka soka. Kuskure ɗaya, sai hayaƙi. A nemi taransifoma mai rage wuta, a haɗa da sitabilaiza, kada kuma a jona shi kai tsaye da ƙaramin janareta. Lokacin hunturu a rufe shi da zane, don ƙura ita ce ajalin maɓallan da ake ja sama da ƙasa. In ka kunna Minimoog ka ji saitinsa na yawo, kada ka ɗaga hankali. Ba shi kamar minti 15 ya ɗumama tukuna.

Wanda ba shi da wannan kuɗin fa?

Ya huta da jinya. Korg ya dawo da MS-20 a ƙaramin jiki a 2013, Moog ya sake ƙera Minimoog a 2016, Prophet-5 ya dawo a 2020, kamfanin Behringer kuma yana kwaikwayon da yawa daga cikin waɗanda aka ambata a nan a kan kuɗi mai sauƙi, abin da har yanzu ake ta muhawara a kan dacewarsa. Duk waɗannan analog ne na gaske, ba manhaja ba. Mai sha'awar soke-soken wayoyi irin na da kuma akwai tsarin Eurorack da Dieter Doepfer na Jamus ya fara a tsakiyar shekarun 1990, inda ake sayen sassa ɗaya-ɗaya ana jerawa a akwati. Sai dai a yi hattara da shi: da osileta ɗaya da filta ɗaya ake farawa, kafin shekara ta zagayo ana neman kafinta ya ƙara akwati.