Kwanan watan da ke jikin hoto ba hujja ba ce ita kaɗai

An daɗe ana cewa idan hoto ya fito da kwanan wata a kusurwarsa, to lalle ranar aka ɗauke shi. Ba mamaki a yarda da haka, tunda na'ura ce ta rubuta.

Sai dai kyamara ba ta san ranar da ake ciki ba. Agogo ne a cikinta, mai ita ke saita shi da hannu. Wani ɗan ƙaramin batir ke riƙe agogon. Idan ya mutu, sai ta koma kwanan watan da masana'anta ta sa mata, galibi 1 ga Janairu na wata shekarar baya. Wanda ya yi tafiya wata ƙasa bai gyara awa ba, hotunansa duka za su zo da lokacin gida.

Akwai kuma bayanan da kyamara ke ɓoyewa cikin fayil ɗin, wato Exif. Su ma daga agogon nan suke, ana iya sauya su da manhaja, kuma yawancin shafukan sada zumunta na goge su.

In kana son tabbatarwa, nemi asalin fayil ɗin, ka duba lambar jerin da kyamara ta ba shi da ta hotunan da ke gaba da bayansa. Sannan ka dubi hoton kansa: ciyawa kore shar alhali kwanan watan na nuna tsakiyar rani?

A tura wa 'yan uwa wannan bayani.