Horimono: Sassaƙar Jikin Takobin Japan da Abin da Take Faɗa Game da Farashinsa

Duk mai leƙa shafukan dillalan tsofaffin takubban Japan ba zai daɗe ba sai ya ci karo da kalmar horimono. A harshen Japananci ma'anarta abin da aka sassaƙa, har zanen da ake yi wa fatar mutum da allura ma haka suke kiransa. Amma a bakin masu harkar takobi tana nufin zane ko rubutun da aka sassaƙa a jikin ƙarfen takobin kansa, ba a kube ko mariƙi ba.

Mafi sauƙin irinsa shi ne hi, wato dogon kwarin nan da ke bin tsawon takobi kusa da bayansa. Mutane da yawa na cewa hanyar jini ce, amma wannan labarin shan shayi ne kawai. Aikinsa rage nauyi ba tare da takobin ya rasa ƙwarinsa ba. Idan kwarin ɗaya ne mai faɗi sunansa bohi, idan kuma 'yan siraran layuka biyu ne gajeru a jere sai a ce gomabashi.

Sauran kusan duk daga addini suka fito. Samurai, mayaƙin Japan na dauri, yana so abin da yake bauta wa ya bi shi fagen fama, shi ya sa ake sassaƙa masa bonji, harafi guda na rubutun Sanskirit da ya zo daga Indiya tare da addinin Buda, kowane harafi yana wakiltar wani abin bauta. Wanda ya fi yawa shi ne na Fudo Myo-o, mai murtuke fuska, takobi a dama, igiya a hagu, wuta na ci a bayansa. Akwai suken, hoton miƙaƙƙen takobi, akwai kuma wanda ya fi jan ido, kurikara: dodon maciji ya nannaɗe takobi yana shirin haɗiye shi ta tsini. Shi ma alamar Fudo ce. Mashin nan da ake kira Nihongo, wanda ke gidan tarihin birnin Fukuoka, irin wannan dodon ne kwance a jikinsa.

Sai an gama ƙira an tsoma takobi a ruwa ya yi tauri sannan mai sassaƙa yake karɓarsa. Ba ya kusantar hamon, farin zanen nan mai kamar gajimare da ke bin kaifi, domin wurin ya fi ƙarfin bakin cizal. A ɓangaren da ya fi taushi yake aiki, da 'yar guduma da tarin ƙananan cizal iri-iri, kowace ɓawon jikin dodon ita kaɗai ake fitar da ita, sannan a bi cikin ramukan a goge. Babban zane yakan ci makonni, wani har watanni. Kuskure ɗaya kuwa ba ya gyaruwa, ƙarfen da ya fita ya fita ke nan.

To, a nan ne sabon shiga yake faɗawa rami. Yana ganin dodo ya fito raɗau sai ya ɗauka ya samu takobin sarauta. Su kuwa masana, zanen ne ƙarshen abin da suke dubawa. Suna fara kallon siffar takobin da lanƙwasarsa, domin ita ke nuna zamani: wanda aka ƙera kafin wajen 1596 koto ne, na bayan nan har zuwa wajen 1780 shinto. Sai su karkata shi ga hasken fitila su duba damen ƙarfen, wato layukan da naɗewa da bugu suka bari a jikinsa, da hamon. Sai su zare ɗan ƙusan gora su cire mariƙi su kalli nakago, wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye a ciki, inda maƙeri ke sa sunansa. Tsatsar wurin nan baƙa ƙirin, shaida ce ta shekaru. Wanda ya kankare ta don ta yi ƙyalli ya zubar da kuɗinsa da hannunsa. Bayan duk wannan ne za a tambayi zanen: wa ya yi ka, yaushe, kuma me ya sa a daidai nan?

Amsar da ta fi tsada ita ce maƙerin da kansa. Umetada Myoju na Kyoto, wanda ya rasu a 1631, da Ikkanshi Tadatsuna na Osaka, da Gassan Sadakazu da ya rasu a 1918, duk sun yi suna wajen sassaƙa takubbansu da hannunsu. Irinsu sukan ƙara 'yan kalmomi a nakago, hori do saku, wato mai ƙirar shi ne mai sassaƙar. Wasu maƙeran kuma suna da gwanin da suke kai wa: Tadayoshi na Hizen yana da Munenaga, Yasutsugu na Echizen yana da Kinai. Wannan ma abin so ne, tunda da zanen aka haifi takobin.

Kishiyarsa atobori, sassaƙar da aka yi daga baya. Wani lokaci kwaskwarima ce don a ja ido a kasuwa, musamman bayan dokar 1876 da ta hana samurai yawo da takobi, lokacin da takubba suka yi arha, baƙi daga Turai da Amurka kuma suka shiga neman abin ado. Wani lokacin kuwa rufa-rufa ce tsagwaronta. Ƙarfen da aka yi ta naɗewa ana bugawa yakan bar kumburi ko tsaga a inda bai haɗe ba, kuma wasawa tana tono su. Sai a kira mai sassaƙa ya haƙe tabon ya mai da shi harafin bonji. Idan ka ga harafi shi kaɗai a karkace, can wajen tsini, ko ya matse jikin hamon, alhali wurin zaman irin wannan zane shi ne kusa da mariƙi a tsakiyar faɗin ƙarfe, sai ka tambayi kanka abin da ke wurin kafin zuwansa.

Tsufa ma yana da nasa bakin. Kowace wasawa tana cin ƙarfe kaɗan, don haka takobin da ya shekara ɗari biyar zanensa yakan lafa, fuskar dodo ta shafe, layuka su yanke a wasu wurare. Ni dai wannan shafewar ta fi kwanta mini a rai. Tsohon takobin da ya sirance saboda wasawa amma zanensa na da kaifin gefe kamar jiya aka gama, akwai magana. Haka nan in aka ga rabin zane ya shige ƙarƙashin mariƙi, alama ce an gajarta takobin, kuma zanen ya riga gajartawar.

Ba kowane atobori ne ke kashe daraja ba. Wuƙar nan Fudo Masamune da ke gidan kayan tarihin Tokugawa a Nagoya, an daɗe ana cewa hoton Fudo da ya ba ta suna daga baya aka sassaƙa shi, amma tana cikin muhimman kayan tarihin da gwamnatin Japan ta yi wa rajista. Sai dai ita shahararren maƙeri Masamune ne ya ƙera ta, ƙarfen ne ke ɗauke da zanen. Akasin haka ba ya yiwuwa: takobin da ke da hagire, siririyar tsaga da ta ratsa kaifi, ko wane gwani ya zana masa dodo ya tashi daga aiki.

Shi ya sa masu saye ke neman takardar NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan da aka kafa a 1948, wadda ke da gidan tarihinta a Tokyo. Matakanta huɗu ne: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, sai Tokubetsu Juyo a ƙoli, kuma tazarar farashi tsakanin mataki da mataki ba ƙarama ba ce. Kada a rikita ta da torokusho, ɗan katin rajistar da doka ta wajabta wa kowane takobi a cikin Japan. Shi izinin mallaka ne kawai, yana ɗauke da tsawo da lanƙwasa da yawan hudar nakago da sunan da aka gani a rubuce, amma ba ya cewa sunan na gaske ne.