Kafasita ta kumbura a allon tsohuwar kwamfuta: a gyara ko a jefar?

Tsohuwar kwamfutar tebur da ta fara gardamar tashi ba lallai ne ta mutu ba. Sau da yawa furosesa lafiya lau take, ram ma haka, sai 'yan kafasitoci, wato ƙananan gwangwanayen tara wuta da ke jere a kan babban allo, su ne suka gaji. Ina takaicin ganin an watsar da allo mai rai saboda abu biyar ko shida da hannu zai iya canzawa, shi ya sa na tattaro tambayoyin da masu son gwada gyaran suka fi yi.

Ta yaya zan gane kafasita ce ta lalace?

Da farko kwamfutar takan ƙi tashi da safe sai an danna sau uku ko huɗu, amma in ta ɗumama sai ta yi aiki kamar babu komai. Daga baya sai ta fara sandarewa ko sake tashi da kanta a tsakiyar aiki. Ka buɗe akwatin ka haska fitila a kan allon. Kafasita mai lafiya samanta a shafe yake sumul. Wadda ta lalace za ka ga saman ya tashi, ko wani busasshen abu mai launin tsatsa ya ɓullo ta tsagar da ke kanta, ko kuma ta karkace saboda robar gindinta ta turo waje. Ka shafa da yatsa, domin yatsa yakan ji kumburin da ido bai kama ba.

Akwai kuma wadda ke bushewa a ciki ba tare da ta nuna komai ba. Mitar da aka saba amfani da ita ba ta kama wannan, sai mitar ESR, wato mai auna tirjiyar da ke cikin kafasitar.

Mene ne aikinta, kuma me ke kumbura ta?

Akwatin wuta yana ba allo bolt 12, furosesa kuwa abin da take sha bai wuce bolt ɗaya da rabi ko kusa da haka ba. Da'irar da ke rage wutar tana kunnawa tana kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda, don haka wutar da ke fitowa ba ta tsaya daidai. Kafasitocin da ke kewaye da furosesa su ne ke tara wutar su sake ta a daidaice, kamar yadda tanki ke daidaita ruwan famfo mai zuwa yana yankewa.

A cikin gwangwanin akwai siraran fallayen alminiyam guda biyu da aka naɗe tare da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan sinadari. Zafi ne ke ƙafar da wannan ruwa. Yawancinsu an rubuta digiri 105 a jikinsu, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanakinta. In ruwan ya fara cin alminiyam sai iskar haidurojin ta taru. Tsagar nan mai siffar X ko K ko Y da ke samanta an yi ta ne da gangan, don ta buɗe ta nan maimakon gwangwanin ya fashe.

Me ya sa kwamfutocin wasu shekaru suka fi fama da wannan?

Tsakanin 1999 da 2007 kasuwa ta cika da kafasitocin da aka haɗa ruwansu ba daidai ba, yawanci daga wasu masana'antun Taiwan. Haɗin ya rasa sinadarin da ke hana ruwa cin alminiyam, sai suka riƙa kumbura cikin shekara ɗaya zuwa uku. Lamarin ya shafi kamfanoni da dama. Dell ya kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen canza allunan OptiPlex irin su GX270 da GX280, Apple ma ya buɗe shirin gyara wa masu iMac G5. Duk allon zamanin Pentium 4 ko Athlon XP da ya zo hannunka, kafasitocinsa ne farkon abin dubawa.

Wace iri zan saya?

Lambobi biyu ne a jikinta, misali 1500µF da 6.3V, ko 1000µF da 16V. Ta farko, wato yawan wutar da take iya tarawa, ka nemi daidai da ita. Ta biyu za ka iya hawa sama, amma kada ka sauka ƙasa: mai bolt 10 za ta zauna a gurbin mai 6.3, akasin haka kuwa tana iya fashewa.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne na uku. Dole ta zama mai ƙarancin ESR, kuma mai jure digiri 105. Kafasitar gama-gari da ake sa wa rediyo za ta shiga ramin, kwamfutar ma tana iya tashi, amma ba za ta daɗe ba za ta kumbura ita ma. Ni na fi natsuwa da na kamfanonin Japan, wato Panasonic, Rubycon, Nichicon da Nippon Chemi-Con, sai dai ana yin jabunsu sosai, don haka a saya wurin dillalin da aka amince da shi. Ka auna faɗi ma: masu milimita 8 tazarar ƙafafunsu 3.5 ce, masu milimita 10 kuwa 5 ce, kuma a kusa da furosesa a matse suke, mai ƙiba ba za ta samu wuri ba.

Na ɗora sodarin ayan, wato ƙarfen narka dalma, amma dalmar ta ƙi narkewa. Me ke faruwa?

A nan ne yawancin alluna ke mutuwa a hannun mai gyara. Allon kwamfuta ba kamar na rediyo ba ne, hawa huɗu ne ko shida a manne, kuma a tsakiyarsu akwai shimfiɗar tagulla mai faɗi da ke shanye zafi da zarar ka ɗora ƙarfe. Ƙaramin sodarin ayan mai wat 25 ba zai iya da ita ba. Ka nemi mai wat 60 ko fiye, mai faffaɗan baki, ka sa shi tsakanin digiri 350 da 400. Allunan da aka yi daga 2006, lokacin da dokar Tarayyar Turai ta hana sa ƙarfen lead mai guba a cikin dalmar kayan lantarki, sun fi taurin kai, saboda dalmarsu sai ta kai wajen digiri 217 take narkewa, ta da kuwa a 183.

Dabarar ita ce ka ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar, tare da man da ke sa dalma gudana. Sabuwar ce za ta kai zafi cikin ramin. Ka ɗumama ƙafa ɗaya, ka karkata kafasitar kaɗan zuwa ɗaya gefen, ka koma ƙafa ta biyu ka yi haka, kana yi kana komawa har ta fita da kanta. Kada ka ja da ƙarfi. Cikin kowane rami akwai siririn rufin tagulla da ke haɗa hawa-hawan allon, in ka fizgo shi tare da ƙafar, ka yanke hanyar da ba ka ganinta balle ka ɗinke ta.

In ramin ya toshe, ka ɗumama shi ta baya, ka tura allurar ƙarfe marar tsatsa ta gaba. Dalma ba ta kama irin wannan ƙarfe, in ta huce sai ka murza ka zare. Kada ka kusanci ramin da injin huda. Kafin duk wannan, ka zare wayar wuta, ka cire furosesa da ram da ƙaramin batirin nan CR2032, ka kuma taɓa ƙarfen akwati don wutar jikinka ta sauka.

Akwai gaba da baya wajen sakawa?

Akwai. Zanen da ya sauko a gefen kafasita shi ne ɓangaren negatib, doguwar ƙafa kuma fozitib. A yawancin alluna rabin da'irar da aka cike da fari shi ne negatib, amma allunan Asus da yawa sun juya wannan alamar. Saboda haka ka ɗauki hoton allon kafin ka cire komai, ka bi yadda tsohuwar ta zauna. Wadda aka saka a juye takan fashe jim kaɗan bayan an kunna.

Waɗanda suka kumbura kaɗai zan canza?

A'a. In biyu sun kumbura cikin jerin takwas masu suna ɗaya da lamba ɗaya, sauran shidan zafi ɗaya suka sha, lokaci kawai suke jira. Ka canza jerin duka tunda allon yana kan tebur. Wurin da ruwa ya zuba kuma ka goge shi da barasar aisofurofil da tsohon buroshin haƙori, domin ruwan yana ci gaba da cin tagulla ko bayan an cire kafasitar.

Na canza duka, har yanzu ba ta tashi.

Ka duba bayan allon da gilashin ƙara girma, ko dalma ta haɗe maƙwabta biyu, ko wata ƙafa ba ta kama ba. Ka mayar da ram da kyau, ka gwada da sanda ɗaya tak. In duk wannan daidai ne, ka zargi akwatin wuta, don shi ma da irin waɗannan kafasitoci a cikinsa, kuma sau da yawa gurɓatacciyar wutarsa ce ta gajiyar da na allon tun farko. Shi kam ba na ba sabon shiga shawarar buɗe shi: manyan kafasitocinsa suna iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya. Ka aro wani mai lafiya ka jona, in ta tashi ka san inda matsalar take.