Wa ke riƙe da lambobinka? Tambayoyi da amsoshi kan koyon fasahar zamani da tsare sirri

A Najeriya ta yau, mutum ba ya mallakar layin waya, ko buɗe asusun banki, ko rajistar jarrabawar shiga jami'a, sai da lambar da ke tabbatar da ko shi wane ne. Mutane da yawa sun mallaki waɗannan lambobin, amma wasu ne ke sarrafa musu su, kuma a nan ne batun koyo da batun sirri suke haɗuwa.

Me ake nufi da koyon fasahar zamani ga wanda ba aikin kwamfuta yake yi ba?

Da an ambaci wannan batu, hankalin mutane yakan tafi ga matasa masu rubuta manhaja, irin waɗanda shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023, yake da burin horas da miliyan uku daga cikinsu. Wannan mataki ne mai kyau, amma akwai na ƙasa da shi wanda ya shafi kowa: mutum ya iya duba abin da ke asusunsa da kansa, ya tura kuɗi, ya karanta saƙon da banki ya turo masa, ya canza lambar sirrinsa, ya kuma bambance saƙon gaskiya da na 'yan damfara. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015, kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya karɓar kuɗi ta waya ko sun shirya ko ba su shirya ba.

To ina laifin mutum ya ba wanda ya iya ya yi masa?

Taimako ba laifi ba ne, kuma yawancin masu yin sa mutanen kirki ne. Matsalar ita ce abin da ake bari a hannunsu bayan an gama. Duk wanda ya tsaya a rumfar mai POS ranar kasuwa zai ga dattijo ya miƙa katinsa, a tambaye shi, "Baba, mene ne lambar?", shi kuma ya faɗe ta da ƙarfi a gaban mutanen da ke layi, wani lokaci ma tana rubuce a wata 'yar takarda da aka naɗe tare da katin. A shagon kwamfuta kuwa, ɗalibi yakan zo rajista ba shi da adireshin imel, sai mai shagon ya buɗe masa, ya zaɓa masa kalmar sirri, wani lokaci ya sa lambar wayarsa shi a matsayin ta dawo da asusun idan ya ɓace. Bayan shekara biyu, lokacin da ɗalibin zai nemi gurbin karatu ko tallafi, sai ya tarar cewa makullin ɗakinsa yana aljihun wani, shagon ma ƙila ya tashi.

Haka yake a cikin gida. Akwai matan da layin da suke amfani da shi da sunan miji ko ƙane aka yi masa rajista, kuma saƙon kuɗin sana'arsu a wayar wani yake sauka. Ko babu wanda ya yi nufin cuta, mutuwa ko rabuwar aure ko ɓatan waya sun isa su raba mace da kuɗinta da kuma abokan cinikinta. A ganina wannan dogaro shi ne babban haɗarin, ya fi masu kutse da ake yawan tsorata mutane da su.

Waɗanne lambobi ne bai kamata a bayar ba?

Kashi biyu ne. Akwai lambobin shaida, wato NIN ta hukumar rajistar 'yan ƙasa NIMC da BVN da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, kowace tana da alƙaluma 11. Waɗannan ana bayar da su a inda doka ta buƙata, kamar banki ko ofishin kamfanin waya, musamman tun Disamba 2020 da aka wajabta haɗa layi da NIN, amma ba a rubuta su a fom ɗin da aka turo a zauren WhatsApp da sunan rabon tallafi. Sai kuma lambobin buɗewa: lambar sirrin kati, da kalmar sirri, da lambar wucin gadi da banki ke turowa ta saƙo, da lamba shida da WhatsApp ke aikowa idan za a ɗora asusu a sabuwar waya. Waɗannan ba a ba kowa, ko da mai kiran ya ambaci cikakken sunanka da ranar haihuwarka, domin ma'aikacin banki na gaskiya ba ya neman su.

Ya kamata kuma a kula da layin da aka haɗa da banki, domin kamfanoni suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma saƙonnin tsohon mai shi suna iya ci gaba da zuwa wa sabon.

Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai sa ya damu da sirri?

Saboda abin da ke cikin wayarsa ba nasa ne shi kaɗai ba. Manhajojin bayar da rance sun nuna haka ƙarara: mutum ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, manhajar ta kwashe lambobin da ke wayarsa, ranar da ya makara da biya sai surukinsa da malaminsa su sami saƙon da ke kiransa ɓarawo. Ƙorafin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta shiga lamarin, kuma a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan masu amfani da su. Hausawa sun san darajar rufin asiri tun kafin zuwan waya, don haka wanda zai ɗora hoton amarya, ko na marar lafiya a gadon asibiti, ko takardar sakamakon ɗansa mai ɗauke da suna da makaranta, ya dace ya fara tambayar kansa ko masu abin sun yarda.

Me ya sa bambancin suna yake hana mutane abubuwa da yawa?

Domin na'ura ba ta san cewa Muhammadu da Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne ba. Mutum ya yi BVN da sunan mahaifinsa, ya yi NIN da sunan garinsu, takardar makaranta kuma tana ɗauke da sunan kakansa, ranar haihuwa kuwa kowane ma'aikaci ya rubuta wadda ya ƙiyasta. Gyara yana yiwuwa, amma yana cin kuɗi da lokaci, kuma ya fi wahalar da na karkara. Mafi sauƙi shi ne mutum ya tsayar da rubutu ɗaya, ya karanta abin da aka shigar kafin ya bar wurin rajista, ko ya sa a karanta masa da babbar murya.

Akwai dokar da ke kare bayanan mutane?

Akwai. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mutum damar sanin bayanan da wani kamfani ke riƙe da su a kansa, da neman a gyara ko a goge, da janye amincewar da ya bayar, da kai ƙara gaban hukumar. Ta kuma wajabta wa kamfanin da aka yi wa kutse mai haɗari ga mutane ya sanar da hukumar cikin awa 72. Sai dai wanda bai san yana da haƙƙi ba ba zai neme shi ba, kuma bayanin dokar da Hausa bai kai inda ya kamata ya kai ba.

Su wane ne ake bari a baya?

Waɗanda ba su karanta boko ba, ko da sun iya ajami, domin saƙonnin banki da fom ɗin hukuma kusan duk da Turanci suke zuwa. Akwai makafi da kurame da ake gina manhaja ba tare da tunawa da su ba, da manoman da aiki ya cinye zanen yatsunsu har na'ura ta kasa ɗauka, da 'yan gudun hijirar da takardunsu suka salwanta. Akwai kuma waɗanda sabis ɗin kansa ba ya isa gare su, kamar yadda mutanen Zamfara suka gani a Satumbar 2021 lokacin da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Duk hukumar da ta ce sai ta intanet za a nemi tallafi, ba tare da ta bar wata ƙofa a buɗe ba, ta riga ta tankaɗe mabuƙata mafi rauni kafin a fara.

Yaya ya kamata a koyar da wanda bai taɓa yi ba?

Wayar ta kasance a hannun mai koyo, mai koyarwa kuma ya yi bayani da baki, ya haƙura ko da aikin minti ɗaya zai ɗauki minti goma, sannan ya kau da kai idan an zo shigar da lambar sirri. A fara da buƙatar da ke gaban mutum, kamar duba kuɗi ko tura saƙon murya ga mai saye, daga nan a wuce zuwa kulle waya, da kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da ke hana wani ɗora asusun a wata waya, da sanin yadda ake rufe asusu da layi idan waya ta ɓace. Makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin 'yan kasuwa wurare ne da suka dace da wannan darasi, domin mutane sun riga sun saba taruwa a can, kuma mace ta fi sakin jiki ta yi tambaya idan 'yar'uwarta ce ke koya mata.