Sauyin ƙwayar halitta wanda ba gado ba ne

Da zarar likita a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ya ce ciwon yaro daga ƙwayar halitta yake, kafin iyaye su iso Aboabo ko Asawase an fara ƙirga kakanni: a dangin uwa aka kwaso ko na uba? Galibi kan uwa zancen ke ƙarewa. To akwai ciwon da wannan tuhuma ba ta da tushe sam.

Likitoci na ce masa lymphatic malformation. Kumburi ne mai laushi da kan fito a wuya, fuska ko hammata, yawanci a gan shi ranar haihuwa ko kafin yaro ya cika shekara 2. Ban da jijiyoyin jini, jiki na da wasu siraran hanyoyi masu kwashe ruwan limf daga tsoka su mayar da shi cikin jini, su ne ke ratsa inda kaluluwa ke fitowa. Idan ba su ƙiru daidai ba, sai su zama jakunkunan ruwa, manya ko ƙanana. Ba tundurmi ba ne, shi sauro ke kawo tsutsarsa. Ba ciwon daji ba ne kuma.

A 2015 masu bincike a Amurka suka nuna cewa yawancin masu wannan kumburi na da sauyi a wata ƙwayar halitta mai suna PIK3CA, wadda ke ba da umarnin girma. Abin lura shi ne lokacin da sauyin ke faruwa. Mutum daga ƙwayar jiki ɗaya (sel) yake farawa, ta yi ta rabuwa, kowace sabuwa na kwafar rubutun ƙwayoyin halittar da ke cikin ta baya. Bayan ciki ya shiga, sai ɗaya ta yi kuskure, kamar ɗalibin da ya ɓata harafi a allonsa: waɗanda suka kwafa daga gare shi kaɗai za su ɗauka, sauran makaranta lafiya lau. Uwa ba ta da shi, uba ba shi da shi, kuma ba a sa ran ya maimaitu a ƙannen yaron.

Shi ya sa gwajin jini kan fito tas alhali sauyin na nan. Sai an gutsuro naman wurin, a can ma ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da shi. Gane kumburin ba ya jiran wannan gwaji mai tsada, sikanin da hoton MRI kan wadatar. Amma idan tun ciki na ƙarami aka hango ruwa a ƙeyar ɗan tayi, wannan magana ce daban, akan binciki wasu larurorin ƙwayoyin halitta irin su Turner da Down.

Amfanin sanin sauyin yana wajen magani. Manyan jakunkuna akan zuƙe ruwansu a zuba maganin bleomycin ko doxycycline su motse, wasu a yi tiyata. Idan kumburin ya yi taurin kai akan ba yaron maganin sirolimus, mai rage ƙarfin umarnin girman nan. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da alpelisib ga masu tsananin larurorin PIK3CA. Kada a kai yaron wurin wanzami a tsaga, domin ƙwayar cuta na shiga kumburin ya ƙaru, a wuya kuwa yana iya toshe numfashi.