A Kawo Jirgi Ƙarƙashin Kaya: Kira Ga Masunta Da 'Yan Fito Na Dadin Kowa

Saurayin da aka kawo mana ɗakin shan magani a farkon ranin nan bai kai shekara ashirin ba. Hannunsa na dama naɗe yake da tsohon rawani, jini ya jiƙe shi sharkaf. Da na warware sai na tarar yatsu biyu sun murƙushe, farcen ɗaya ya fita gaba ɗaya. Na dubi kawunsa da ya riƙo shi na ce, "Baba, me ya same shi haka?" Ya ce, "Likita, inji ne. Su uku suka ɗauko za su ɗaura a gindin jirgi, ƙafar ɗaya ta zame a taɓo, jirgin ya ja baya ya dawo, ya haɗa masa hannu da katako." Inji ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda nauyinsa ya haura kilo 70. Yaron kuma da hannun nan yake ɗinkin taru.

Tun da aka kammala madatsar Dadin Kowa a kan Kogin Gongola a 1984, ruwan nan ya zame wa mutanen Yamaltu/Deba da maƙwabtansu gona, kasuwa da hanya. Sai dai kayan da jirgi ke ɗauka sun sauya. Da can taru ne da gora da kwandon kifi. Yau injin ban ruwa ne, da janareta, da batirin sola, da babur. Buhun taki kilo 50 ne. Babban batirin sola ya kan haura hakan. Duro mai lita 200 idan aka cika shi da ruwa, kilo 200 ke nan, ban da nauyin duron kansa. Kaya sun ƙaru, amma har yau da ƙugu da kafaɗa ake loda su.

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya ɗaga da hannu, shi ma sai ƙasa tana bushe, kayan na manne da jiki, ba a murɗa ƙugu. To a bakin ruwa wanne ka samu a ciki? Kana tsaye cikin laka, ka miƙa hannu nesa, abin da za ka ɗora wa kayan kuma yana rawa. Shi ya sa nake yawan ganin ciwon baya da ƙaba a jikin samarin da ko aure ba su yi ba.

Masu jiragen teku da iska ke turawa, a Turai da Amurka da sauran wurare, sun daɗe da huce wa kansu wannan wahala. Jirginsu yana da doguwar sanda a tsaye, da wata a kwance maƙale da ita, da igiyoyin da ake ɗaga ƙyallen iska da su. Idan za su shigar da inji ko batir, sai su rataya kura a bakin sandar kwancen, wato gargaren nan irin na rijiya, su karkata sandar zuwa kan kayan, su ja igiya, su juyo da shi cikin jirgi a hankali. Mutum ɗaya ko biyu sun isa.

Sirrin yana cikin lissafin igiya, kuma ina so a tsaya a fahimce shi. Kura ɗaya a sama, irin ta guga, ba ta rage nauyi ko kaɗan. Sauƙinta kawai shi ne kana ja ƙasa maimakon ɗagawa sama. Ragi yana farawa ne idan aka ƙara wata kurar a jikin kayan, igiyar ta sauka ta zagayo ta koma. Ka ƙirga layin igiya nawa ne ke riƙe da kayan. Idan biyu ne, rabin nauyin za ka ja. Idan huɗu ne, kashi ɗaya cikin huɗu. Injin nan mai kilo 70 sai ya dawo ƙasa da kilo 20 a lissafi, gugar igiya da kura ta ɗan ƙara masa wani abu. Abin da za ka biya shi ne tsawo: ka ja kamu huɗu kafin kayan su tashi kamu ɗaya.

Amma kada wani ya ji wannan ya je ya kafa sanda a cikin kwale-kwalensa. Da zarar kaya sun bar ƙasa suna reto, jirgi yana jin nauyinsu ne kamar an ɗora su a can ƙolin da aka rataye su, ba a inda ido ke ganinsu ba. Jiragen tekun nan suna da nauyin dalma ko ƙarfe a can ƙarƙashinsu da ke dawo da su daidai idan sun karkata, duk da haka sai ka ga sun jirkice. Namu na katako siriri ne, ba shi da wannan. Ka rataya kilo 70 a sama ka karkata shi gefe, kifewa za ka yi.

Abin da ya dace da mu yana nan a gabanmu kullum. Masu haƙar rijiya da sanduna uku suke fitar da ƙasa. Bakanike da ƙarafa uku da sarƙa yake zare injin mota. Haka za a yi a mashigi. A samu bututun ƙarfe uku ko itace masu ƙwari da gara ba ta taɓa ba, a ɗaure kawunansu tam, a kafa su kamar duwatsun murhu a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, da tazarar da goshin jirgi ko gindinsa zai shige tsakanin ƙafa biyu. A sa guntun katako mai faɗi ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta nutse a taɓo, a kuma kafe ta da turke don kada ta baje. Sai a gangaro da kayan a kan katako zuwa tsakiya, a ɗaga su sama, a turo jirgin ƙarƙashinsu, a sauke. Kayan ba su yi tafiya a hannun kowa ba, jirgin ne ya zo ya same su. Mai jan igiya ya ja ƙasa, kusa da ƙafar sandunan. Idan ya koma nesa yana ja a kaikaice, zai iya tuge su gaba ɗaya. Kafin a ɗaga sosai, a tayar da kayan tsawon ɗani ɗaya, a dakata, a saurara. In an ji ƙara ko an ga ƙafa na nutsewa, a sauke a gyara.

Igiya kuwa, a nan ne ake yawan yin sakaci. Shuɗiyar igiyar roba da ta shekara a rana tana ɗaure jirgi ta riga ta ci kanta. Ka murza ta a tafin hannu, in ta yi gari ko zarenta ya tashi, ta gama aiki. Ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani ƙullin har kusan rabi. Masu sana'ar ɗaga kaya ba sa ɗora wa igiya fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai tsinka ta. Kuma a sani, ɗaurin da ke sama yana ɗauke da nauyin kayan haɗe da ƙarfin da kake ja. Da kura ɗaya, ninkin nauyin ne a kansa. A ware igiyar ɗaga kaya daban, a ajiye ta a inuwa.

Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya, ko ya sa hannu tsakaninsu da jikin jirgi. A ɗaura musu wata siririyar igiya, wani ya riƙe daga nesa yana hana su juyawa. Ina roƙonku kada ku naɗe igiya a hannu, domin in kaya suka kufce, da yatsu suke tafiya. A zagaya ta a jikin turke sau biyu, a riƙa saki a hankali. Mutum ɗaya ne zai ba da umarni, shi zai ce a ja, shi zai ce a tsaya. Yara masu kallo a kora su tudu.

In kaya sun shiga, a kwantar da su ƙasa a tsakiyar jirgi, a ɗaure. Batir a tsaye yake tafiya, a rufe kawunansa don kada ƙarfe ya haɗa su, a nisanta shi da jarkar fetur. A sa rigar kariya, a kuma yi fito da sauran rana kamar yadda NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Najeriya, ke nanatawa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Wanda ya riga ya ji ciwo kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ƙabar da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga ciwo ga amai, hanji ne ya maƙale, aikin tiyata ne na gaggawa, ba a kwana da shi a gida. Ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, a nufi babban asibiti a ranar, Gombe ba nisa. Rauni kuwa a danne shi da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, kada a zuba masa ƙasa ko fetur ko baƙin mai, a zo a wanke a yi allurar tetanus.

Bututu uku, kura biyu da sabuwar igiya ba su fi ƙarfin mashigi guda ba idan aka yi karo-karo. Ina kira ga Sarkin Ruwa da shugabannin masunta na kowane mashigi su tara mutanensu a kan wannan, a damƙa kayan a hannun dattijo ɗaya mai amana, a fara gwaji da buhun yashi kafin a rataya injin kowa.