Waiwaye: Aikin 'yan agaji daga Solferino zuwa Rann

Idan mota ta kife a hanyar Kano zuwa Zariya, ko ruwa ya ci unguwa, waɗanda ake fara gani kafin motar asibiti ta iso su ne 'yan agaji. Yawancinsu ba su da albashi. A cikinsu akwai dattawan da suka shiga aikin tun suna 'yan makaranta, har furfura ta riske su da jakar bandeji a kafaɗa.

Tsarin da suke bi ya samo asali ne daga wani yaƙi a arewacin Italiya. Ranar 24 ga Yuni, 1859, dakarun Faransa da Sardiniya suka gwabza da na Ostiriya a Solferino, inda kusan mutum 40,000 suka mutu ko suka jikkata. Wani ɗan kasuwa daga Geneva, Henry Dunant, ya tarar da masu rauni a yashe, ba mai ba su ko ruwan sha. Matan garin Castiglione da ke kusa ne suka fito suna wanke raunuka, ba ruwansu da ɓangaren da soja ya fito. Daga nan Dunant ya kawo shawarar a riƙa horar da mutanen gari tun ana zaman lafiya, kada a bari sai masifa ta auku a fara neman mai taimako. A 1863 aka kafa kwamitin da ya zama Red Cross, a 1864 kuma ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta farko, kan kula da sojojin da suka jikkata a yaƙi.

Alamar Red Cross, wato jan gicciye, ba ta kwanta wa kowa a rai ba. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi amfani da jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha na 1877 zuwa 1878, aka amince da shi a hukumance a 1929. Ƙa'idoji bakwai na Red Cross da aka zartar a Vienna a 1965 kuwa sun sa aikin sa kai cikin ginshiƙan tafiyar, wato a yi ba don neman abin duniya ba.

A Nijeriya majalisa ta kafa ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da doka a 1960, ta Nijar ta biyo baya a 1963. A Arewa kuma ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala sun kafa nasu rundunonin agaji, masu kaki, da ake gani a filin idi da wuraren tafsiri da sansanin alhazai. A ganina nan ne aikin ya yi saiwa sosai, domin mai yi yana jin lada yake nema, jama'a kuma suna ganin ɗansu ne.

Sai dai ladan ba ya kare mutum daga harsashi. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojin saman Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann, a jihar Borno. Cikin ɗimbin waɗanda suka rasu akwai 'yan agajin Red Cross na Nijeriya 6, waɗanda suka je rabon abinci. Shekara guda bayan haka, a garin dai, 'yan bindiga suka sace ungozoma biyu masu aiki da kwamitin ƙasa da ƙasa na Red Cross, suka kashe su a watannin Satumba da Oktoban 2018. Allah ya jiƙansu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, idan ana zancen agaji, sunan ƙungiya da fararen motoci ake ambata. Ɗan unguwar da ya ɗauki gawa da hannunsa, sau da yawa da kuɗin aljihunsa ya hau babur zuwa wurin. Ya kamata gwamnatocin jihohi su tanadi inshora da horo na kai a kai ga waɗannan mutane, su kuma kula da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki.